Tsoka Huɗu a Kafaɗar Malam

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan hadari yana haɗuwa ta gabas da la'asar, ya yi baƙi, ya turo iska mai zafi, sannan ya watse ko ɗigo bai zubar ba. Azare ta zama kasko. Ba wuta tun shekaranjiya, ruwan randa ma ɗumi gare shi. A cikin wannan zafin jikata Nusaiba ta baje a tabarmar tsakar gidana da waya a hannu, tana haddar tsokokin kafaɗar mutum. Makarantar koyon aikin lafiya take yi, wai jibi suna da jarrabawa.

Tun hantsi take jero sunaye da Turanci, dogaye, kamar mai kiran iskoki. In ta kai na uku sai na farko ya gudu. Na leƙa wayar. Hoton mutum ne an feɗe shi, an shafe shi da ja da shuɗi da kore, ba jini, ba wari, ba ƙuda.

Na ce, "Wannan tsokar ta saman da kika faɗa sau ashirin, nuna min ita a jikinki."

Ta dafa wuya. Ta dafa ƙirji. Ta kai hannu dantse, ta dube ni ko zan gyaɗa kai.

"Hajiya, ai ba a tambayar wannan. Sunan kawai za mu rubuta, da inda ya tashi da inda ya sauka."

"To wanda za ki duba in kin gama, a takarda zai naɗo miki kafaɗarsa?"

"Kai, Hajiya! Ke fa ajin yaƙi da jahilci kawai kika yi."

Gaskiya ta faɗa. Shekara biyu na yi a ajin, na iya karatu da rubutu, shi ke nan. Amma kafaɗar mutum na san ta tun uwar Nusaiba tana goye a bayana, kuma ba a waya na koya ba. Zan faɗi yadda aka yi bi da bi, don ba na son labarin da aka kamo ta wutsiya.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda azumi ya faɗo a ƙarshen bazara, damina kuma ta ƙi zuwa. An yi shekara arba'in ko da 'yar ɗoriya. Muna zaune a wani ƙauye bayan Gadau, gidan gandu ne, babban wan mijina Yaya Sale shi ke riƙe da shi. Daminar da ta wuce ba ta ba da komai ba. Tun kafin watan azumi ya tsaya an share ƙasan rumbu da tsintsiya. Abin da ya rage na gero shi ne iri, a cikin gora biyu da aka liƙe bakinsu da laka aka rataye a ɗakin Yaya Sale. Yara kan tsaya a bakin ƙofa su kalli gorar nan kawai.

Ga yadda yini yake tafiya. Da asuba a sha kunun dusa a ɗauki azumi. Ana idar da salla maza su ɗauki igiya da wasaki su tafi rijiya, don in rana ta ɗaga ba a samun komai sai laka. Mata mu bi su da tuluna. Da hantsi mu shiga daji neman ganye, har sai da ganyen tafasa na bara da muka shanya ya ƙare muka koma ganyen aduwa, a dafa a zubar da ruwan sau uku don ɗaci. Daga azahar ba mai motsi. A yayyafa wa tabarma ruwa a kwanta, kafin ka juya ta bushe. Harshe ya yi kauri a baki kamar fata. Da magariba a buɗe baki da kunun tsamiya wanda in ka leƙa ƙwaryar kana ganin fuskarka.

Ran tara ga azumi Malam, mijina, yana jan wasaki shi da ƙanensa. Ruwan rijiyar ya yi nisa ƙwarai a shekarar, igiya biyu aka haɗa. Wasakin ya kusa baki sai igiyar ta suɓuce wa ƙanen. Malam ya cafke ta da hannun dama shi kaɗai, nauyin ya fizge shi har ya durƙusa. Ya ce ya ji wani abu ya yi ɗas a cikin kafaɗar, kamar an tsinke zare. Bai saki ruwan ba. Amma daga ranar hannun ya ƙi tashi daga jikinsa.

Aka shiga magani irin na gidan Yaya Sale, wato wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne gwani.

Na farko wanzami. Ya zo ya ce mataccen jini ne. Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho huɗu, ya zuƙe jinin mutumin da rabonsa da tuwo ya fi wata. Malam ya tashi jiri ya kwashe shi. Hannu yana nan inda yake.

Na biyu wani maɗori da aka ɗauko daga wajen Gololo, mai babbar riga da yawan tofi. Bai tambayi yadda aka yi ba. Daga bakin ƙofa ya ce ƙashi ne ya goce. Aka sa taɓarya a hammatar Malam, mutum biyu suka ɗaga ta, shi kuma ya kama hannun ya ja ƙasa da ƙarfinsa. Ina bayan zana ina ji. Malam ba mai kuka ba ne, amma ranar ya yi wani sauti da ban ƙara jin irinsa ba. Maɗorin ya share gumi ya ce ya kusa shiga, zai dawo Juma'a ya ƙarasa. Kafin ya ja, Malam yana iya kai loma baki da hannun. Bayan ya ja, ko buta ba ya ɗagawa.

Ni ba a tambaye ni ba, kuma ba za a tambaye ni ba. Ni 'yar mahauta ce. Babana mahauci ne a kasuwar Gadau, ubansa ma haka. A gidan Yaya Sale wannan ya isa. In na yi magana a ce, "Ke da kika tashi cikin tumbi me kika sani?" Naman da Baba yake aiko mana duk salla kuwa, ban taɓa ganin wanda ya ce yana warin tumbi ba. Yaya Sale ne ke fara zaɓar hanta.

Ran Laraba akuyarmu ta ƙarshe ta kwanta ta kasa tashi. Yaya Sale ya yanka ta da sauri kada ta zama mushe. Sai aka tsaya cirko-cirko, maza biyar, ba wanda zai iya feɗe ta bai huda fatar ba. A nan suka tuna hanyar gidan ubana.

Baba ya zo a ƙafa da azumi a bakinsa, wuƙaƙensa a naɗe cikin tsumma. Ba a ce masa ya shigo ba, shi ma bai nema ba. Ya rataye akuyar a reshen aduwa a bayan gida. Na kai masa ruwan wanke hannu, na durƙusa na gaishe shi.

"Hajo, ina maigidan? Ban gan shi a zaure ba."

Na faɗa masa duka, har da taɓarya.

Ya tsayar da wuƙa. "Kafaɗar ta canza kama? Ta yi kusurwa, da rami a ƙasanta?"

"Ban lura ba, Baba."

"In wani ya ɗaga masa hannun yana tafiya, ko a ƙage yake?"

"Ban sani ba."

"Kina kwana ɗaki ɗaya da mutum ba ki sani ba. To me kika sani?"

Dole in bayyana wani abu, don yaran yanzu suna zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon ƙwallo. A lokacin Malam ba zai taɓa tuɓe riga a gaban Baba ba, ko hannun zai guntule. In ya hango shi a hanya ma sai ya cire takalmi ya ratse. Baba kuma ba zai sa hannu a jikin mijin 'yarsa ba, balle a gidan da ake ƙyamar hannun nasa. Ga wanda ya sani a bayan gida, ga mai ciwo a ɗaki, tsakaninsu taku talatin, kunya ta gina katanga. Sai ni.

Baba ya zare ƙafar gaba ta akuyar da karfatarta, ya shimfiɗa a kan fatar. Akuyar ta rame har ba kitsen da zai ɓoye komai. Ya ce, "Zauna. Sau ɗaya zan nuna miki."

Ya fara da allon kafaɗa, ƙashi mai faɗi da wani tudu da ya ratsa bayansa kamar kunyar gona. Ya nuna min kan ƙashin hannu, dunƙulalle kamar ƙwallon goruba, da gurbin da yake zama, ɗan ƙarami, ko zurfin ludayi bai kai ba.

"Kin ga wannan gurbin zai riƙe wannan kan?"

"A'a."

"To ba ƙashi ke riƙe kafaɗa ba. Nama ne. Ƙirga."

Ya bi da bakin wuƙa yana raba su a hankali, ba ya yanka, yana ware su kawai. Ɗaya a saman kunyar. Ɗaya a ƙasanta, ta fi faɗi. Wata 'yar siririya a manne da ta ƙasan, sai ka lura za ka gan ta. Ya juya allon, ga ta huɗu a ciki, ta fuskar haƙarƙari, ta shafe allon duka. Kowacce ta taso da faɗi, ta tsuke, ta zama farar jijiya mai sheƙi, su huɗun suka rungume kan ƙashin kamar yatsu sun riƙe lemo.

Ya sa na ja kowacce da yatsana in ga abin da ƙafar za ta yi. Ƙudaje sun rufe mu. Warin ɗanyen nama yana shiga hancina, yawu ya cika min baki ina tofarwa saboda azumi. Daga cikin gida muryar Yaya Sale ta taso: "Wai fiɗar akuya ɗaya ce har yanzu? Ko saniya muka ba shi?"

Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Mutum ya bambanta da akuya a abu biyu. Yana da ƙashin da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ita ba ta da shi. Kuma yana da wata tsoka mai kauri da ta lulluɓe duka kamar hula. Amma huɗun nan suna ƙarƙashi. A mutum ta saman ita ke fara ɗaga hannu daga jiki, sannan hular ta karɓa. Ni tawa ta taɓa yagewa, sa ne ya fizge ni. Je ki duba min abu uku. Na farko siffar kafaɗar, ki gwada da ta hagu. Sannan ki ɗaga masa hannun da kanki. Sannan ki danna saman kunyar, ki bi ta har bakin kafaɗa."

Na wanke hannu na shiga. Malam yana jingine da bango, ya rame, idonsa ya faɗa.

"Malam, tuɓe rigar."

"Da rana tsaka? Lafiyarki?"

"Baba ne ya aiko ni."

Ya dubi ƙofa kamar Baban zai leƙo. Ya tuɓe. Kafaɗun biyu kamarsu ɗaya, in ban da kumburi da sawun ƙaho. Na kama gwiwar hannun na ɗaga a hankali. Ya tafi, yana cije baki amma ya tafi, har daidai kafaɗa. Na ce ya ɗaga da kansa daga ƙasa. Sai ya ɗage kafaɗar duka zuwa kunne, hannun yana manne da jiki. Na laluba bayansa na sami kunyar, daidai yadda take a akuyar, har gabana ya faɗi. Na bi samanta da babban yatsa zuwa baki. Ya zabura ya ce, "Wayyo! Nan ne. Nan ne tun ranar."

Sau uku na yi zirga-zirga tsakanin aduwa da ɗaki. A na ƙarshe Baba ya kama jijiyar tsokar saman a karfatar akuyar, ya ɗan tsaga gefenta da wuƙa, rabi kawai. Ya ce, "Ga abin da igiya ta yi." Ya miƙo min ƙafar. "Ja, kamar yadda mai taɓarya ya ja." Na ja. Tsagar ta buɗe, zare-zaren suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya a idona.

"In ya sake ja ran Juma'a, sauran za ta rabu. Daga nan sai dai hannun ya zama abin cika riga. Ƙashinsa yana gurbinsa, ba abin da za a mayar. Ki ɗaure hannun a ƙirjinsa da zani, sati uku. Bayan nan ya sunkuya ya bar shi yana lilo kamar guga. Bayan nan ya hau bango da yatsu, kaɗan-kaɗan. Kada ya riƙe fartanya bana."

Ya gama fiɗar, ya naɗe wuƙaƙensa. Aka miƙo masa kai da ƙafafu ta kan zana, ya ce a bar wa yara. Ya koma Gadau a ƙafa kafin magariba.

Ran Juma'a da hantsi maɗorin ya iso, Yaya Sale a gabansa, ƙannensa biyu a baya da taɓarya. Suka tarar da ni a bakin ƙofar ɗaki, Malam a ciki hannunsa a ɗaure da zanina.

Yaya Sale ya ce, "Matsa."

"Yaya, ka yi haƙuri, ba za a ja hannun nan ba. Ba ƙashi ba ne, tsoka ce ta yage."

"Wa ya ce?"

"Baba ya nuna min a karfatar akuya."

Maɗorin ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Yaya Sale bai yi dariya ba. Ya juya ga ƙannensa ya ce, "Kun ji? An mai da ɗan'uwanku akuya. Gobe sai ta rataye shi a aduwa ta kasa shi kashi-kashi."

Na ce wa maɗorin, "Malam, tsoka nawa ke riƙe kafaɗa?"

Ya ce shi da Allah ya dogara, ba da lissafin mahauta ba. Na gane bai taɓa ganin cikin kafaɗa ba, ko ta zakara. Shekara nawa yana jan hannayen mutane a makance, ana ba shi tabarma mai kyau a zaure.

Yaya Sale ya leƙa ta kan kafaɗata. "Kai, kana ji matarka tana zagin baƙona. Ba ka da baki?"

Malam bai taɓa musa wa wansa ba tunda na san shi. Ya dubi hannunsa da ke ɗaure. Sannan ya ce, "Yaya, ta taɓa wurin da hannu ɗaya ta same shi. Shi ya ja ni da mutum biyu bai same shi ba. A bar min hannuna."

"To. Amma ka ji da kyau. Ran da ruwa ya sauka, ɗakin da bai fitar da mai riƙe sungumi ba, ba shi da dami a kaka. Ba zan ciyar da mai lilo ba."

Na ce, "Ɗakinmu zai fitar."

Ruwan ya sauka kwana biyu bayan salla, da la'asar. Ƙamshin ƙasa ya fara isowa kafin ɗigon farko. Yara suka fita tsirara suna ihu, muka jera duk abin da ke da baki a ƙarƙashin indararo. Washegari aka fasa lakar gorar iri.

A ƙasarmu namiji ke gaba da sungumi yana sara, mace na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Mu muka juya. Na ɗaure zani a ƙugu, na goya uwar Nusaiba, na ɗauki sungumin Malam wanda ya fi ni tsawo. Shi yana bayana da ƙwaryar iri a rataye a wuya, yana zubawa da hagu. Masu wucewa suka sami abin kallo. Wani ya tsayar da jakinsa ya ce, "Malam, wai a cikinku wa ya auri wani?" Malam ya ce, "Wuce, jakinka ya fi ka aikin yi."

Kwana huɗu muka yi. Ran farko tafina ya fashe. Ran na biyu na daina jin tafin, kafaɗa ta karɓa. A nan na yi karatun karo na uku, bayan na akuya da na Malam. Ina ɗaga sungumi ina jin ta saman tana ci kamar garwashi. In na juya shi in ji ta ƙasan. In na kai hannu baya in gyara goyo, ta cikin ta amsa. Ba wadda ban san gidanta ba. Layina bai karkace ba, kuma ban bari ƙannen Yaya Sale sun riga ni kai ƙarshen gona da fiye da taku goma ba.

Sati uku suka cika na kwance zanin. Aka yi lilo. Aka hau bango, ina zana masa da gawayi inda yatsunsa suka kai kowace Juma'a. Wani satin layin ya hau, wani satin ya tsaya. Ran da aka fara yankan gero hannun ya taɓa saman ƙofa. Bai taɓa wuce nan ba har yau, abin da taɓarya ta ci ta ci. Amma da shi ya yi noma shekara talatin, da shi ya ɗaura wa 'ya'yansa aure, da shi ya yi jifa a Makka.

Yaya Sale ya ce ɗorin mutumin Gololo ne ya kama a hankali. Haka ya riƙa faɗa a zaure har ya bar duniya. Na je gaisuwarsa, na ce Allah ya jiƙansa, ban ƙara kalma ɗaya a kai ba.

Ɗazu na ce wa Nusaiba ta ajiye wayar ta biyo ni. Malam yana zaure a kan buzu da 'yar shara, yana fifita da mafici.

"Malam, juya bayanka."

"Yau kuma me na yi?"

Na kama yatsan yarinyar, da farcenta mai jan fenti, na ɗora a allon kafaɗarsa ta hagu. "Ga kunya. Hau samanta. Me kika ji?"

"Nama."

Na mayar da yatsan dama. "Nan fa?"

Ta danna, ta sake dannawa. Yatsan ya nutse a rami, don tsokar ta shanye tun shekarun nan, rabinta ya rage. Ta bar yatsan a wurin. Sai ta faɗi sunan nan na Turanci da ta yini tana yi, amma a hankali, sau ɗaya, kamar ta ga mutumin da ta daɗe tana jin labarinsa.

"Hajiya, sauran ukun fa?"

"Da kanki za ki nemo su. Wanke hannu tukuna, ki yanke wannan farcen."

Malam ya ci gaba da fifita, bai juyo ba. Ya ce, "Shekara arba'in ina aikin akuya a gidan nan. Ku yi sauri dai, an kusa kiran la'asar."